Agogon Da Ya Bi Rana: Yadda Maƙeran Japan Suka Sa Ƙarfe Ya Riƙa Tafiya Da Sauyin Yanayi

Idan yau mutum ya sayi agogo, ya lura awowinsa na rana sun fi na dare tsawo, bayan wata shida kuma ya tarar tazarar da ke tsakaninsu ta juye, ba zai tsaya wata-wata ba, wurin mai gyara zai nufa. Amma a ƙasar Japan an shafe sama da shekara 250 ana ƙera irin wannan agogo da gangan, ana kashe masa dukiya, sarakuna na ɗaukar ma'aikata musamman domin kula da shi. Japanawa na kiran sa wadokei. Daga farkon ƙarni na 17 har zuwa ƙarshen shekarar 1872, shi ne agogon fada da na gidajen attajirai, kuma yana cikin abubuwan da masu buga ƙararrawar gari ke dubawa kafin su tashi jama'a ko su sallame su.

Asalin na'urar daga Turai ta zo, kuma an ƙera ta ne domin ta yi tafiya iri ɗaya dare da rana, rani da damina. Da ta shiga hannun maƙeran Japan sai suka tarar lissafinta bai dace da yadda mutanensu ke raba lokaci ba. Maimakon su ce wa jama'a su sake hali, sai suka sake wa na'urar hali. Yadda suka yi hakan, da dalilin da ya sa daga baya aka watsar da aikin nasu cikin 'yan makonni, labari ne da ke nuna cewa abin da ake kira "daidai" a sha'anin lokaci yarjejeniya ce ta mutane.

Yini kashi shida, dare kashi shida

A zamanin Edo, wato daga 1603 zuwa 1868, lokacin da gidan Tokugawa ke riƙe da ragamar mulki, Japanawa ba su raba kwana zuwa awa 24 masu tsawo ɗaya. Yini suke ɗauka daga wayewar gari zuwa shigar duhu su kasa shi shida, dare ma su kasa shi shida. Kowane kaso sunansa toki. Tun da tsawon yini na ƙaruwa yana raguwa a cikin shekara, dole toki ma ya riƙa miƙewa yana takurewa.

Iyakar yini da dare ba fitowar rana da faɗuwarta ba ce. Yini na farawa ne tun rana ba ta ɓullo ba, a lokacin da haske ya isa mutum ya ga zanen tafin hannunsa, kimanin minti 36 kafin hudowarta. Haka ma da yamma, sai bayan ta faɗi da kimanin wannan tazara ake cewa dare ya shiga. Masu ilimin taurari na gwamnati, a kalandar da ta fara aiki a 1798, sun ƙayyade wannan lokaci da cewa shi ne sa'ad da rana take ƙasa da sararin gani da kusan digiri 7 da sulusi. Manomi da masunci kuwa tafin hannu ya ishe su.

A birnin Edo, wanda yanzu ake kira Tokyo, bambancin ba ƙarami ba ne. A ƙarshen watan Yuni, toki ɗaya na rana yakan kai kusan awa 2 da minti 40, na dare kuma kimanin awa 1 da minti 20. A ƙarshen Disamba na rana ya sauko zuwa kimanin awa 1 da minti 50, na dare ya haura awa 2 da minti 10. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya ba mu cika jin wannan sauyi ba. A Kano yini mafi tsawo bai kai awa 13 ba, mafi gajarta kuma ya haura awa 11, alhali a Tokyo daga fitowar rana zuwa faɗuwarta yakan kai awa 14 da rabi a lokacin zafi, ya faɗo ƙasa da awa 10 a hunturu. Duk da haka tsarin ba baƙo ba ne ga mai kula da lokutan salla. Magariba magariba ce a kowane wata, ko da agogon hannu ya ce shida da 'yan mintoci a Nuwamba, ya ce bakwai saura a Yuli. Abin da Japanawa suka yi shi ne shimfiɗa irin wannan lissafi a kan dukkan sa'o'in kwana.

Akwai hikima a ciki. Ƙasa ce ta manoman shinkafa da masu sana'ar hannu, man fitila na da tsada, kyandir ya fi shi tsada. Aiki na farawa ne idan ido na gani, ya tsaya idan ya daina gani. Wanda aka ce masa ya zo da "shidan safe" ya san zai fito ne gari na wayewa, ko a wane wata ake.

Ƙidayar da ke tafiya da baya

Sunayen sa'o'in ma da nasu salon. Tsakar dare da tsakar rana ana kiran su tara. Daga nan ƙidaya sai ta riƙa sauka: takwas, bakwai, shida, biyar, huɗu, sannan a koma tara. Wayewar gari da shigar duhu kullum a kan shida suke faɗawa. Babu ƙarfe ɗaya, babu biyu, babu uku. Bayanin da aka fi yi shi ne cewa tara lamba ce mai daraja a tunanin da Japan ta gada daga ƙasar Sin, don haka ake ninka ta a ɗauki lambar ƙarshe kawai: 9, sai 18 a ce takwas, 27 a ce bakwai, 36 a ce shida, 45 a ce biyar, 54 a ce huɗu.

Bayan lambobi, kowace sa'a na da dabbarta daga cikin dabbobi 12 na kalandar Sin. Ɓera ne ke da tsakar dare, sai sa, sai damisa, zomo na da wayewar gari, sai dodon nan na almarar Sin, sai maciji. Doki ne ke da tsakar rana, sai tunkiya, sai biri, zakara na da almuru, sai kare, aladen daji ya rufe. A fuskar wadokei akan zana lambar da dabbar tare.

Wannan ƙidaya ta baya-baya ta shiga har cikin barkwancin mutanen Edo. Akwai sanannen labari da masu ba da dariya ke yi har gobe, mai suna Toki Soba. Wani wayayye ya ci taliya da dare a wurin mai talla, kuɗinta tsaba 16. Ya fara ƙirga wa mai taliya kuɗi a hannu, da ya kai takwas sai ya tambaye shi ƙarfe nawa. Mai taliya ya ce tara. Gogan naka ya zarce da goma, sha ɗaya, har sha shida, ya ci ribar tsaba guda. Wani sakarai da ya ga abin ya ce shi ma gobe sai ya gwada, amma zumuɗi ya sa ya fito da wuri. Da ya kai takwas ya yi tambaya, aka ce masa huɗu, sai ya ci gaba da biyar, shida, ya ƙare da biyan rarar tsaba huɗu. Garin neman gira ya rasa ido. Dariyar ba ta fita sai ga wanda ya san cewa a wancan tsari daga huɗu tara ake shiga.

Ruwa, turare da ƙararrawa

Tun kafin agogon ƙarfe ya zo, Japan na da hanyoyin auna lokaci. Tsohon littafin tarihinsu, Nihon Shoki, ya ambaci agogon ruwa da yarima Naka no Oe ya gina a shekarar 660, da kuma wanda aka kafa a 671 bayan ya hau karaga da sunan Sarki Tenji, inda ake buga ganga da ƙararrawa domin sanar da sa'o'i. A 1981 masu tonon tarihi sun gano wurin da ake kyautata zaton nan agogon farko ya zauna, a Asuka da ke lardin Nara.

Wuraren ibadar Buddha kuma turaren wuta suke amfani da shi. Akan cika akwati da toka a daddale ta, a fitar da siririyar hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe, a zuba garin turare a ciki, a kunna daga baki ɗaya. Wuta na cin turaren sannu a hankali, an kuma kafa 'yan alamomi a kan hanyar. Wannan agogo bai da wahalar bin yanayi, domin matsar da alamomin kawai ake yi. A gidajen nishaɗi na geisha ma da tsinken turare ake lissafin kuɗin zama: tsinke nawa ya ƙone, kuɗi nawa za a biya.

Talaka bai mallaki ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Kunne yake kasawa. A Edo an kafa manyan ƙararrawa a unguwanni daban-daban, irin ta Hongokucho da ke tsakiyar birni, da ta Ueno, da ta Asakusa, kuma mazauna wuraren da sautin ke isa su ke biyan kuɗin kula da su. Mai bugu kan fara da bugu uku na jan hankali, sannan ya buga adadin sa'ar. Da shidan safe ake buɗe ƙofofin unguwa, da huɗun dare ake rufe su. Ƙararrawar Hongokucho da aka zuba a 1711 tana nan har yanzu a wani lambu a yankin Nihonbashi, ta garin Kawagoe kuwa har yau ana kaɗa ta sau huɗu a rana.

Baƙo daga Turai

Agogon ƙarfe na farko da tarihi ya tabbatar da shigarsa Japan shi ne wanda ɗan mishan Francis Xavier ya ba Ouchi Yoshitaka, sarkin yankin Yamaguchi, a 1551. A wannan shekarar aka hamɓarar da sarkin, agogon kuma bai kawo zamaninmu ba. Wajen shekarar 1600 makarantun mishan da ke yankin Nagasaki sun riƙa koya wa matasa ƙera agogo da kayan kiɗa, daga nan sana'ar ta fara samun 'yan ƙasa.

Mafi tsufan agogon Turai da ya rage a Japan shi ne wanda Sarkin Sifaniya, Filibus na Uku, ya aiko wa Tokugawa Ieyasu a 1611, domin godiya kan ceton mutanensa da jirginsu ya fashe a gaɓar Chiba a 1609. Rubutun da ke jikinsa ya ce an ƙera shi a Madrid a 1581, kuma yana ajiye a wurin ibada na Kunozan Toshogu da ke Shizuoka. Masanan da suka buɗe shi sun tarar kusan duk kayan cikinsa na asali ne. Ba abin mamaki ba ne idan bai sha aiki ba, tun da sa'o'in da yake nunawa ba su ne ake amfani da su a fadar ba.

Tarihin lardin Owari ya ambaci wani maƙeri, Tsuda Sukezaemon, wanda aka ba shi gyaran wani agogon Ieyasu, ya gyara, ya kuma ƙera wani irinsa. Zuriyarsa ta ci gaba da riƙe muƙamin masu agogon fada a Nagoya. Daga shekarun 1630 gwamnati ta taƙaita hulɗa da waje, ta kori Fotugal a 1639, ta bar 'yan Holan kaɗai daga cikin Turawa suna ciniki a ɗan tsibirin Dejima. Sababbin dabaru sun ci gaba da shigowa ta wannan ƙofa, amma a hankali, kuma maƙera suka samu sararin bin tasu hanya.

Turai ma ta taɓa yin amfani da sa'o'i masu sauyawa, tun zamanin Rumawa. A duniyar Musulmi, injiniya Al-Jazari ya bayyana a littafinsa na 1206 agogon ruwa da ake daidaita kwararar ruwansa gwargwadon tsawon yini. Sai dai da agogon ƙarfe ya yaɗu a biranen Turai daga ƙarni na 14, sai jama'a suka bar tsohon lissafi suka bi na'ura. Japan ce ta dage ta yi akasin haka.

Dabaru uku na maƙera

Zuciyar tsohon agogon Turai wata sanda ce kwance a samansa, wadda ke juyawa hagu da dama, tana sakin haƙoran faifan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. A kowane gefen sandar an rataye ɗan ƙaramin nauyi. Idan aka tura nauyin zuwa bakin sanda, juyawar na yin nawa, agogo ya rage gudu. Idan aka jawo shi ciki, sai ya ƙara sauri. Turawa sun yi wannan ne domin gyara kuskure. Maƙeran Japan suka ga ai ga mabuɗin matsalarsu nan. Suka yi wa sandar tsaga-tsaga masu yawa, ta yadda da safe a lokacin zafi za a tura nauyin waje agogo ya yi tafiyar hawainiya cikin dogon yini, da almuru a jawo shi ciki ya ruga cikin gajeren dare. Matsalar ita ce sai an yi haka sau biyu kullum.

A ƙarshen ƙarni na 17 aka samo mafita: sanda biyu a agogo ɗaya, doguwa a sama ta rana, gajera a ƙasa ta dare. An haɗa su da sashen da ke buga ƙararrawa, ta yadda duk lokacin da agogo ya buga shida, wani ƙarfe zai ɗage sanda ɗaya ta huta, ya saukar da ɗayar ta kama aiki. Sauyin safe da yamma ya zama na kansa. Abin da ya rage wa mai kula shi ne bin shekara. Kalandar Japan ta raba shekara zuwa zango 24, kowane kimanin kwana 15, kuma a farkon kowane zango sai a matsar da nauyin sandar rana gaba, na sandar dare baya, ko akasin haka idan yini ya fara raguwa. Wannan na nufin agogon ba ya bin rana kwana-kwana, tsalle yake yi duk mako biyu. A rayuwar da ƙaramin ma'aunin da aka saba ambata shi ne rubu'in toki, kusan rabin awa, wannan ɗan giɓi bai dami kowa ba.

Dabara ta biyu ta zo ne bayan shigowar agogo mai lilo da mai sifirin, waɗanda ba a iya sauya musu gudu yadda aka ga dama. Maƙera suka ce to, tun da ba za a taɓa gudun ba, bari a taɓa fuskar. Aka rubuta kowace sa'a a kan ɗan ƙaramin allon tagulla, aka jera allunan a cikin wata kwarya da ta zagaye fuskar agogo, inda za a iya zame su da yatsa. A lokacin zafi sai a wawware allunan rana, a cunkushe na dare. Da hunturu a matso da na rana, a buɗa na dare. A wasu agogunan, tsinken a tsaye yake cak, fuskar ce ke juyawa.

Dabara ta uku ita ce mafi sauƙi, kuma ita ta fi kusantar masu matsakaicin hali. Gidan Japan na gargajiya bangonsa na takarda ne da siraran katako, ginshiƙi ne kawai ke iya ɗaukar kaya. Sai aka ƙera dogon agogo siriri da ake ratayewa a jikin ginshiƙi, mai suna shaku-dokei. Nauyin da ke jan injin yana saukowa sannu a hankali cikin doguwar akwati, an maƙala masa tsinke da ke leƙowa waje yana nuna sa'o'in da aka jera daga sama zuwa ƙasa. Wasu na da alamomi masu zamewa, wasu na zuwa da jerin alluna da ake sauyawa gwargwadon zangon shekara, wasu kuma allo ɗaya ne da aka zana wa layuka masu lanƙwasa da suka ƙunshi shekara baki ɗaya, sai a zame tsinken zuwa layin watan da ake ciki.

Ban da waɗannan akwai mai zama a kan doguwar kujerar katako da ke ɓoye igiya da nauyi, akwai ɗan ƙarami mai ado da ake ajiyewa a ɗaki, akwai ma na ratayawa a ɗamara cikin kwalin magani. Da yake kowane ɗaya da hannu ake ƙera shi, da tagulla da zane da fenti mai sheƙi, manyan cikinsu sai sarakunan larduna da attajirai. Shi ya sa a yau ake yi musu laƙabi da agogon daimyo, wato agogon sarakuna, kuma akwai ɗan gidan tarihi da ke ɗauke da wannan suna a unguwar Yanaka ta Tokyo.

Kada a ɗauka rashin sani ne ya sa suka riƙe wannan tsari. Masu ilimin taurari na Japan sun san awa mai tsawo ɗaya sarai, kuma da ita suke lissafinsu. A ƙarshen ƙarni na 18 almajiran Asada Goryu sun yi amfani da wata na'ura mai lilo da ke ƙirga kowane kaɗawa domin auna motsin taurari, kuma Ino Tadataka, wanda ya zagaya gaɓar ƙasar yana zana taswira, ya yi aiki da irinta. Masaniyar tarihi Yulia Frumer ta yi bayanin wannan a littafinta Making Time na 2018. Lissafi biyu ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa: ɗaya na ɗakin bincike, ɗaya na kasuwa da gona.

Gwanintar Tanaka Hisashige

Ƙololuwar wannan sana'a ta zo ne dab da faɗuwarta. Tanaka Hisashige, haifaffen Kurume a 1799, ya fara suna ne da ƙera 'yan tsana masu motsi da kansu. A 1851 ya kammala agogon da ake kira Man-nen Dokei, agogon shekara dubu goma. Tsayinsa kimanin santimita 60, nauyinsa kilo 38, yana da sassa sama da 1,000 da aka sassaƙa da hannu, kuma an tsara shi ya yi kusan shekara guda da wani ɗaya.

Fuska shida gare shi. Ɗaya na nuna sa'o'in Japan, ɗaya zangunan shekara 24, ɗaya ranakun mako, ɗaya zagayen kwanaki 60 na kalandar Sin, ɗaya girman wata da raguwarsa, ta shida kuma agogon Turai ce. A samansa, ƙarƙashin gilashi, ga taswirar Japan da ƙwallayen rana da wata suna kewaya ta gwargwadon yanayi. Abin da ya fi ɗaure wa masana kai shi ne fuskar farko. Allunan sa'o'in nan da kowa ke zamewa da yatsa, Tanaka ya sa su suna zamewa da kansu, suna warwatsuwa suna haɗuwa cikin shekara, ta hanyar wani faifai mai haƙora da ya ƙirƙiro wanda ke kai su gaba rabin shekara ya dawo da su rabin shekara. Aikin da ya ci ƙarfin masu kula da agogo tsawon ƙarni biyu ya zama ba ya bukatar hannun kowa.

Lokacin da aka tashi yin kwafinsa domin baje kolin duniya na Aichi a 2005, sai da aka tara injiniyoyi da masu sana'ar hannu sama da 100. A 2006 gwamnati ta sa na asalin cikin muhimman kayan tarihin ƙasa, kuma yana Gidan Tarihin Kimiyya na Ƙasa da ke Ueno.

Yadda aka kashe shi cikin wata guda

Shekara biyu bayan Tanaka ya gama aikinsa, jiragen yaƙin Amurka ƙarƙashin Matthew Perry suka iso a 1853. Turawan da suka biyo baya sun yi ta ƙorafi kan rashin cika alkawarin lokaci. Wani hafsan sojan ruwa ɗan Holan, Willem van Kattendijke, wanda ya koyar a Nagasaki a ƙarshen shekarun 1850, ya rubuta irin takaicin da jinkirin ma'aikata ya riƙa ba shi. Mutumin da ke lissafi da minti ne ya gamu da mutanen da ke lissafi da rabin awa.

Bayan juyin Meiji na 1868, wanda ya kawo ƙarshen mulkin gidan Tokugawa, sabuwar gwamnati ta kawo waya da barikin soja da makarantu irin na Turai. A Oktoban 1872 aka buɗe layin dogo na farko, kilomita 29 daga Shimbashi zuwa Yokohama, tafiyar minti 53. Ba a iya tsara tashin jirgin ƙasa da sa'ar da ke miƙewa duk mako biyu, wadda kuma ta bambanta daga gari zuwa gari. A ranar 9 ga wata na 11 na tsohuwar kalanda aka yi shela cewa ranar 3 ga wata na 12 ita ce za ta zama 1 ga Janairun 1873, kuma daga ranar kwana awa 24 ne masu tsawo ɗaya. Wa'adin bai cika wata guda ba.

Akwai batun kuɗi a cikin wannan gaggawa. Gwamnati ta koma biyan albashi wata-wata, baitulmali babu nauyi, ga shi a tsohuwar kalanda shekarar da ke tafe wata 13 gare ta. Da sauyin kalanda an tsira daga albashin wata na 13, an kuma haɗiye na wata na 12 da bai wuce kwana biyu ba. Malami Fukuzawa Yukichi ya yi maza ya wallafa ɗan littafi yana bayyana sabon tsarin, har da zanen yadda ake karanta fuskar agogon Turai.

Wadokei ya wayi gari ba shi da aiki. An sake wa wasu fuska, an zubar da wasu, baƙi sun saye da yawa a arha, abin da ya sa yau ake samun su a gidajen tarihi na Turai da Amurka. Agogunan bango na Amurka suka cika kasuwa. A 1888 ƙasar ta koma lokaci ɗaya bisa layin digiri 135 da ya ratsa garin Akashi. Amma hali bai sauyu da doka kaɗai ba. Sai da aka ware ranar 10 ga Yuni, daga 1920, a matsayin Ranar Lokaci domin tunawa da agogon Sarki Tenji da kuma koya wa jama'a zuwa a kan kari. Cika lokacin da ake yabon Japanawa da shi a yau tarbiyya ce ta makaranta da masana'anta da tashar jirgi, wadda ta faro bayan juyin Meiji.

Abin da ya rage

Ba a ajiye wadokei don ya yi ƙarya ba. Ya amsa tambayar da mutanen zamaninsa ke yi, wato saura nawa gari ya waye, saura nawa duhu ya shiga. Da tambayar ta koma ƙarfe nawa jirgi zai tashi, sai amsarsa ta daina amfani. Ko a yanzu yana da masu so: a 2011 maƙerin agogo Masahiro Kikuno ya fitar da agogon hannu da allunan sa'o'insa ke zamewa da kansu, bisa dabarar Tanaka.

Ribar da ta fi daɗewa ita ce ta ƙwarewa. Mutanen da suka shafe ƙarni biyu da rabi suna kwance na'urar waje suna sake mata tsari ba su sha wahalar ƙera sabuwar ba da lokacinta ya zo. Nagoya, garin zuriyar Tsuda, ta zama cibiyar ƙera agogon zamani. Hattori Kintaro ya buɗe shagonsa a 1881, ya kafa masana'antar Seikosha a 1892, wadda ta haifi Seiko. Tanaka Hisashige kuwa, yana da shekara 70 da ɗoriya, ya buɗe wurin ƙera na'urorin waya a Tokyo a 1875, kuma wannan wuri yana cikin tushen kamfanin Toshiba. Al'ummar da ke son ta ci moriyar fasahar da ta aro, sai ta fara samun masu ƙarfin halin buɗe cikinta su daidaita ta da bukatun mutanensu.